RA'AYINMU: TUN RAN GINI RAN ZANE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya mana gidaje wurin natsuwa, Ya halitta inuwa domin bayinSa su fake daga zafi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa yin sallar La'asar cikin watan Afrilu a ɗaya daga cikin sababbin masallatan da ke Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, ba sai an ba shi labarin abin da za mu faɗa ba. A irin wannan lokaci ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Kwanon rufi ya sha rana tun hantsi, bangon bulo ya ɗauki zafi kamar tanderu, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya cak, sai ka ga dattijo yana sujada zufa na ɗiga daga gemunsa, hankalinsa ya koma kan yaushe liman zai sallame. A makarantar Islamiyya da ke jikin masallacin kuwa, yara sun cika aji, hadda ta gagara, malam ya rasa abin yi sai ya sallame su tun lokaci bai yi ba. Bayan sallah kuma sai wani daga cikin 'yan kwamiti ya miƙe ya yi sanarwa cewa man inji ya ƙare, a taimaka fisabilillahi.

Mun daɗe muna ɗora laifin wannan hali a kan rashin wutar lantarki, kuma lalle akwai gaskiya a ciki. To amma matsayinmu a wannan wata shi ne: kaso mai yawa na wannan wahala mu muka saye ta da kuɗinmu tun ranar da muka aza harsashi. Mun riƙa gina ɗakunan Allah da makarantun 'ya'yanmu ta hanyar da ba za su zaunu ba sai da wuta, a ƙasar da wutar ba ta da tabbas, sa'an nan muka bar wa talakawan unguwa nauyin ciyar da inji har abada. Wajibi ne mu gyara wannan, kuma gyaran ya fara daga gine-ginen da ke hannun rassanmu.

Shekarun nan sun ishe mu darasi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. A Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga waɗanda ke kan layin da ake ce wa rukunin farko daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowace ma'auna. A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, aka yi matsanancin zafi a duk faɗin yankin Sahel, har ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Oktoban 2024 kuma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohinmu, har da Katsina, suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ko tashar samar da wuta ta iska mai ƙarfin megawat 10 da ke Lambar Rimi a jiharmu, sai da ta shafe fiye da shekara 10 ana aikinta. Mai hankali in ya ga haka ba zai sake aza gini bisa zaton wuta za ta wadata gobe ba.

Wani zai ce, me ya haɗa mujallar wa'azi da zancen kwano da bulo? Amsa ita ce, Alƙur'ani da Sunna ne suka haɗa su. A cikin Suratun Nahli, aya ta 80 da ta 81, Allah Ya lissafa gidaje da inuwa da tufafin da ke kare mutane daga zafi a cikin ni'imominSa. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Ya hana almubazzaranci, Ya kuma danganta masu yin sa da shaiɗanu. A cikin Suratush Shu'ara'i Ya ba mu labarin yadda Annabi Hudu (A.S.) ya zargi Adawa a kan gine-ginen da suke yi don wasa da alfahari. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Manzon Allah (S.A.W.) na jinkirta sallar Azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan yi sanyi, wanda ke nuna cewa Shari'a ta kula da jikin mai sallah da natsuwar zuciyarsa. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) cewa masallacin Annabi da tubalin ƙasa aka gina shi, rufinsa ganyen dabino, ginshiƙansa kututturen dabino. Ya kuma kawo cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya umarci magini ya yi ginin da zai kare mutane daga ruwan sama, ya hana shi yin ado da launukan da za su shagaltar da masu sallah. Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa alfahari da masallatai yana cikin abubuwan da za su bayyana kafin tashin Alƙiyama.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce siminti bidi'a ba ne, ba mu ce na'urar sanyaya ɗaki haramun ce ba. Gini yana cikin al'amuran rayuwa waɗanda asalinsu halacci ne, kuma Sayyidina Usmanu (R.A.) da kansa ya sake gina masallacin Madina da sassaƙaƙƙen dutse. Abin da muke cewa shi ne, kuɗin da Musulmi suka jefa a asusun masallaci amana ne. Duk Nairar da ta tafi sayen mai don korar zafin da tun farko da an so da bai shigo ba, Naira ce da aka hana wa albashin malamin Islamiyya, da littattafan yara, da marayun unguwa.

To ta ina zafin yake shigowa? Masana gine-gine sun daɗe da bincika wannan. A ƙasa irin tamu, wadda ke kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kusan tsakar ka yawancin shekara, saboda haka rufi shi ne babbar ƙofar zafi. Kwano siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi, da tsakar rana yakan haura digiri 60, ya riƙa feso shi kan mutane, musamman in ba silin, ko in an yi silin amma ba a bar wa iskar da ke tsakaninsa da kwanon mafita ba. Kwano mai duhun launi, wanda ake yayi yanzu, ya fi fari shan rana. Bayan rufi sai bangon gabas da na yamma, waɗanda rana ke duka kai tsaye da safe da yamma. Bulon siminti mai rami, na inci 6 ko 9, ba ya iya riƙe zafi ya daɗe, sai ya miƙa shi ciki tun jama'a suna zaune. Manyan tagogin gilashi kuwa suna barin hasken rana ya shiga, su hana zafinsa fita.

Katangar ƙasa mai kauri aikinta dabam ne. Tana shan zafin yini a hankali, ba ya ratsa ta sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da rana ta riga ta yi sanyi. Da dare ta saki abin da ta sha, gari ya waye ta huce. Da yake a ƙasarmu akwai tazara mai yawa tsakanin zafin rana da sanyin asuba, wannan dabara tana aiki sosai, kuma ita ce ke sa soro ya yi ɗumi a lokacin hunturu. Wanda ya shiga tsofaffin soraye da zaurukan cikin birnin Daura da tsakar rana ya san haka a jikinsa. Kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, amma da tubali da azara da makuba, da ƙananan tagogi can sama, da rufin daurin guga mai tsawo wanda iska mai zafi ke taruwa a ƙololuwarsa nesa da kawunan mutane, sun cimma abin da yau ake rubuta littattafai a kansa.

Duniya ma ta farga. A rahoton da ta fitar a 2018, Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce akwai na'urorin sanyaya ɗaki kimanin biliyan 1.6 a duniya, kuma za su iya kaiwa biliyan 5.6 a 2050, abin da zai ninka wutar da ake sha wajen sanyaya gine-gine har sau 3. A nan gida, Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine a 2017, da taimakon hukumar GIZ ta ƙasar Jamus. Abin da ke cikinta ba boyayye ba ne: kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai in an yi musu inuwa, a sa abin da zai tare zafi a ƙarƙashin rufi, a yi amfani da fitilu da na'urori marasa cin wuta. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, inda zafi ke kashe mutane, hukuma ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, bincike kuma ya nuna zafin cikin ɗaki yakan sauka da digiri 2 zuwa 4. Ashe abin da ake nema ba ya fi ƙarfin kwamitin masallacin unguwa ba.

Akwai wata matsala da ta keɓanci masallaci, wadda ya kamata 'yan kwamitocinmu su riƙe ta da kyau. Masana suna ba da shawarar a shimfiɗa gini ta yadda dogayen bangayensa za su fuskanci kudu da arewa, gajerun su fuskanci gabas da yamma. Wannan yana yiwuwa a aji da gida. Amma alƙiblar mutanen Daura gabas ce, ta ɗan karkata arewa da kimanin digiri 20, kuma muna son sahu ya yi tsawo. Saboda haka dogon bangon masallaci na gaba yana kallon rana da hantsi, dogon bangon baya kuwa, inda muke jera ƙofofin ƙarfe da tagogin gilashi, yana kallon ranar yamma daidai lokacin La'asar. Alƙibla ba ta sauyuwa, kuma ba ma neman ta sauya. Abin da ya rage mana shi ne mu kare waɗannan bangaye biyu: a ƙara wa bangon alƙibla kauri a rage masa tagogi, a yi wa ɓangaren yamma baranda mai faɗi da layin itatuwa, a mayar da manyan tagogi kudu da arewa suna kallon juna domin iska ta ratsa, a kuma buɗe ƙananan kafofi can kusa da rufi inda iska mai zafi za ta fice.

Adalci ne mu faɗi aibin ginin ƙasa kamar yadda muka faɗi amfaninsa, domin mutane ba don wauta suka guje shi ba. Yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Azara ta yi wuya saboda giginya ta ragu. In ruwa ya kwanta a gindin katanga yakan cinye ta, kuma kowace shekara muna jin labarin gidajen da suka rufta wa masu su. A tsakiyar bazara ɗakin soro yakan riƙe zafi da dare, shi ya sa ake kwana a tsakar gida. Ba mu manta da abin da ya faru a Zariya ranar 11 ga Agusta, 2023 ba, sa'ad da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya rufta ana cikin sallar La'asar, bayin Allah suka rasa rayukansu. Allah Ya ji ƙansu. Ginin ya yi kusan shekara 190 a tsaye, wanda ke shaida gwanintar maginansa, faɗuwarsa kuma tana shaida cewa ran Musulmi ya fi kowane kayan tarihi, kuma gini ko na mene ne ba ya yafe sakaci.

Don haka ba kira muke a koma jiya ba, kira muke a haɗa ilmin jiya da na yau, kuma an riga an yi haka a ƙasar Hausa. A garin Yama da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani magini mai suna Alhaji Falke Barmu ya fara gina Masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aikin ya kai har ya sami lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, an kammala sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a 2018, bisa zanen Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, da tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da inji, aka kuma mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kere ya gina makarantar firamare a 2001 da irin wannan tubali, ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa ya bar sarari a tsakani, iska tana ratsawa tana kwashe zafin kwanon kafin ya sauko kan yara. Irin wannan tubali siminti kaɗan ake zuba masa, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba, in aka aza shi kan harsashin dutse ko kankare, aka yi masa rufi mai faɗin baki, ruwa ba ya cin sa. A ƙasar da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wasu 'yan'uwa suna ganin sola ta raba gardama. Lalle sola ni'ima ce, Allah Ya hore mana rana, kuma muna ƙarfafa a sa ta. Amma a yi lissafi. Fankar sama tana cin kimanin wat 75, ƙwan fitila na zamani wat 10, na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya kuwa fiye da wat 1,000. Masallacin da ke da fanka 10 da fitila 10 da lasifika, duka abin da yake ci bai kai na na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya ba. Masallacin da aka gina da lura har fanka ta wadatar da shi, 'yan farantan sola da batir kaɗan sun ishe shi. Wanda aka gina kamar tanderu kuwa, sai an tara masa farantai da batura na miliyoyin Naira, kuma batir yana da wa'adi, zafi ma yana rage masa kwana. A fara hana zafi shiga, sa'an nan a nemi abin da zai kore ragowar.

Saboda haka muna kira kamar haka.

Na farko, ga shugabannin rassanmu na ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura: kada a sake aza harsashin masallaci ko makaranta da sunan wannan tafiya sai an zauna da masanin zanen gini an amsa tambayoyi huɗu a rubuce, wato ina rana za ta doki ginin, ta ina iska za ta shiga ta fita, me za a sa a ƙarƙashin kwano, kuma nawa za a riƙa kashewa kan wuta kowane wata.

Na biyu, ga kwamitocin gine-ginen da aka riga aka yi: kafin bazara ta kama a shafa wa kwano farin fenti, a sa silin inda babu, a buɗe wa iskar cikin rufi mafita, a kafa rumfa a yamma, a dasa bedi ko ceɗiya nesa kaɗan da harsashi, a kuma karkatar da ruwan alwala zuwa gindinsu maimakon ya kwanta a kan hanya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da aka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Kowane ma'aji kuma ya ware littafin kuɗin mai da na wuta, ya karanta wa jama'a a ƙarshen shekara.

Na uku, ga masu hannu da shuni da ke gina wa Allah ɗaki: Allah Ya saka muku da gidan Aljanna. Amma kuɗin da za a kashe kan hasumiya ta biyu da tayil mai walƙiya da ƙubbar ado, in aka mayar da shi kan kaurin bango da baranda da rijiya da itatuwa, ladansa zai fi daɗewa yana gudana. Wanda ya ba da na'urorin sanyaya ɗaki 10 bai bar abin ciyar da su ba, ya bar wa unguwa bashi ne.

Na huɗu, ga malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello: ƙofofin masallatanmu da ajujuwanmu a buɗe suke gare ku. Ku turo ɗalibai su rataya ma'aunin zafi a soron ƙasa da ɗakin bulo na tsawon shekara guda, su gwada ƙasar wuraren nan su gaya mana wadda ta dace da tubali, sa'an nan a rubuta sakamakon da Hausa yadda birkila da ɗan kwamiti za su karanta su gane. Binciken da ya ƙare a kan kanta bai amfani kowa ba.

Na biyar, ga Majalisar Masarautar Daura da ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha: tsofaffin magina da suka san sirrin tubali da bakan gizo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A nemo su a haɗa su da matasa da injiniyoyi tun suna raye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'o'in hannu da raya garuruwa cikin wajiban shugaba. Haka nan muna roƙon hukumomin tsara birane na jiha su shigar da ƙa'idar nan ta 2017 cikin sharuɗɗan ba da izinin gini, su fara da makarantu da asibitocin gwamnati, su kuma hana sare itatuwan gari ba bisa dalili ba.

Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Katangar da aka aza bana, jikokinmu za su yi sallah a jikinta bayan ƙasa ta rufe idanunmu, ko dai su sami natsuwa su yi mana addu'a, ko su gāji zafi da sanarwar kuɗin mai. Mu da muke kiran mutane su koma ga Sunna a aƙidarsu da ibadarsu, bai kamata a same mu da almubazzaranci da gasar ado a ɗakunan da muke karantar da Sunnar ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya sanya albarka a dukiyar da Musulmi ke bayarwa dominSa, Ya sanya mu a inuwar Al'arshinSa ranar da babu wata inuwa sai ita. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.